Amanar da Ba Ta Hayaƙi

Da safiyar Alhamis, 15 ga Satumban 2022, ƙarfe takwas saura a agogon Najeriya da Nijar, ɗimbin na'urorin da suka shekara bakwai suna ruri dare da rana a manyan rumbuna a sassan duniya suka tsinci kansu ba aikin yi. Sana'arsu ita ce haƙar kuɗin intanet na Ethereum, wanda ke bin bayan Bitcoin a girma. A wannan safiya ne Ethereum ya sauya hanyar da yake tabbatar da gaskiyar ciniki. Da sai an ƙona lantarki kafin a yarda da kai; daga ranar sai ka ajiye jingina. Injiniyoyin da suka yi aikin sun kwatanta shi da sauya wa jirgi inji yana cikin tafiya, kuma jirgin bai ko girgiza ba.

Cibiyar CCRI ta Jamus, wadda ke auna hayaƙin da kuɗaɗen kirifto ke haddasawa, ta fitar da lissafi a rahoton da kamfanin ConsenSys ya ɗauki nauyinsa. Kafin sauyin, Ethereum na shan kusan megawat-awa miliyan 23 a shekara, yana jawo fitar iskar kabon tan miliyan 11. Bayan sauyin ya koma megawat-awa 2,600 da tan 870. Wasu masu ƙiyasin ma sun ce adadin farko ya ninka haka sau uku.

Alƙaluman sun fi shiga kai idan aka raba su ga sa'o'in shekara. Na farkon yana daidai da megawat 2,600 da ake zuƙa ba ƙaƙƙautawa, alhali madatsun Kainji da Jebba da Shiroro, ko da kowane injinsu na juyawa, ba su kai megawat 2,000 a haɗe ba. Na biyun kuwa kilowat 300 ne, abin da janareta guda na babban otal ke bayarwa.

Babu wanda ya rasa ko sisi a asusunsa. Cinikin da ake yi jiya shi aka ci gaba da yi yau. To idan kashi ɗaya cikin kusan 9,000 ya isa a yi aikin, ragowar da aka shekara bakwai ana ƙonawa mene ne sunanta? Injiniya zai ce kuɗin tsaro ne. Almajirin fiƙihu kuwa wata kalma ce za ta fara zuwa bakinsa: almubazzaranci.

Kafin a yanke hukunci, adalci ne a san dalilin ƙonawar. Kowane littafin bashi yana da mai riƙe shi, ko akawu ne, ko banki, ko uwar adashi, kuma amanarsa ce ke sa rubutun ya zama hujja. A 2008 wani da ya ɓoye kansa a bayan sunan Satoshi Nakamoto ya kawo shawarar littafin da ba shi da mai riƙo: kowa na da kwafinsa, shafi na bin shafi kamar zoben sarƙa, shi ya sa ake kiransa bulokcen. Amma wa zai rubuta shafi na gaba? Idan aka ce ƙuri'a za a jefa, mutum ɗaya na iya ƙirƙirar sunaye dubu a intanet kafin a sha shayi. Sai Satoshi ya sa wa magana farashi. Duk mai son rubuta shafi sai na'urarsa ta yi ta cankar lambobi, biliyoyi bisa biliyoyi, har ta dace da wadda ta cika sharaɗi. Wanda ya riga dacewa shi ke rubutawa, a ba shi lada. A Bitcoin hakan na faruwa kusan duk minti goma, kuma tun Afrilun 2024 ladan ya koma Bitcoin 3.125.

Duk cankar da ba ta dace ba shara ce, ba ta amfanar kowa da komai. Kuma da gangan aka gina tsarin haka. Bayan kowane shafi 2,016, wato kusan mako biyu, manhajar na duba saurin haƙar ta daidaita wuyar wasan, idan ƙarfin haƙa ya ƙaru ta ƙara masa wuya. Saboda haka ƙera na'ura mai tattalin wuta ba ya rage cin wutar. Sai dai a sayi na'urori da yawa, wasan ya ƙara tsauri. Muddin farashin kuɗin na hawa, wutar da ake ƙonawa na binsa a baya. Wannan shi ne tsarin shaidar aiki: tulin lantarkin da aka riga aka ƙona shi ne ganuwar garin, mai son murɗe tarihi sai ya ƙona fiye da na kowa a haɗe.

Tun farko akwai wanda hankalinsa bai kwanta ba. Hal Finney, mutumin da ya karɓi Bitcoin na farko da aka taɓa turawa, ya rubuta a Twitter a Janairun 2009, tsarin bai cika wata guda ba, cewa yana tunanin yadda za a rage hayaƙin kabon idan abin ya yaɗu. Ya yaɗu ɗin. Masu bincike a Jami'ar Kambirij sun daɗe suna ƙiyasta cewa Bitcoin na shan fiye da terawat-awa 100 a shekara, sama da abin da ƙasashe da dama ke sha. Da Sin ta kori masu haƙa a 2021, da yawa suka kwashi kayansu zuwa Kazakistan mai dogaro da kwal, kafin shekarar ta ƙare ƙasar ta fara fama da ƙarancin wuta. A jihar New York, a gaɓar tafkin Seneca, tsohuwar tashar kwal ta Greenidge da aka rufe ta farfaɗo da iskar gas, ta koma ciyar da na'urorin haƙa. Sai da gwamna Kathy Hochul ta sa hannu, a Nuwamban 2022, a dokar dakatar da ba da sabon izini ga irin waɗannan tashoshi har shekara biyu.

Malaman Musulunci ba su yi shiru a kan kirifto ba. Hukumar Diyanet ta Turkiyya ta yi magana a 2017, Muftin Masar na lokacin, Shawƙi Allam, ya haramta mu'amala da Bitcoin, Majalisar Malaman Indonesiya ta hana amfani da kirifto a matsayin kuɗi a 2021, yayin da majalisar shari'a ta hukumar hannun jarin Malesiya ta halatta cinikinsa a 2020. Sai dai muhawarar ta fi karkata ga garari, da kama da caca, da rashin hukumar da ke tsaye a bayan kuɗin. Babin ɓarnar wuta ya rage a gefe, alhali fiƙihu na da ma'aunin da ya dace da shi tsaf.

Malamai da dama sun bambanta israfi da tabziri. Israfi shi ne wuce iyaka wajen kashewa a abin da ya halatta. Tabziri kuwa kashewa ne a inda bai kamata a kashe ba sam. Suratul A'arafi, aya ta 31, ta tsawatar a kan na farko, Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, ta yi kakkausan suka ga na biyu. Akwai kuma ruwayar da Ahmad da Ibnu Majah suka kawo, wadda malaman hadisi suka yi saɓani a kan ƙarfin isnadinta, cewa Annabi (SAW) ya ga Sa'ad yana yawaita ruwa a alwala ya hana shi, ya kuma nuna masa cewa hanin na nan ko da a bakin kogi mai gudu yake. Abin lura a ruwayar shi ne ba ta auna ɓarna da ƙarancin ruwa ba. Ta auna ta da buƙata: ruwa nawa alwala ke ci, nawa kuma aka zubar?

Wannan ma'auni ne ya sa ranar 15 ga Satumba ta fi ƙarfin labarin fasaha. Kafin ranar, mai kare haƙa na iya cewa lalura ce, ba a san wata hanya da za ta iya ɗaukar dukiya mai yawa haka ba. Gaskiya ne tun 2012 wani ƙaramin kuɗi mai suna Peercoin ya gwada tsarin jingina, wasu kuma suka biyo baya, amma ba a taɓa ɗora masa kaya mai nauyin Ethereum ba. Da aka ɗora kuma ya ɗauka, shekara na bin shekara, sai uzurin lalura ya yi rauni. Fiƙihu na auna lalura da gwargwadonta, kuma tana gushewa da gushewar dalilinta. Mai taimama da ya ga ruwa kafin ya kabbara ya san hukuncinsa.

Yadda sabon tsarin ke aiki ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwa. Mai son zama mai tantancewa a Ethereum yana kulle Ether 32, wato kuɗin tsarin, a cikin manhajar, abin da ya kai kusan dala 50,000 a lokacin sauyin. Duk daƙiƙa 12 manhajar na zaɓar ɗaya daga cikinsu ya gabatar da shafi, wasu su shaida. Ƙaramar kwamfuta da ba ta shan wat 100 ta wadatar. Wanda ya yi aikinsa a ba shi lada, wanda ya yi sakaci a rage masa kaɗan. Wanda kuwa aka kama ya sa hannu a shafi biyu masu karo da juna, sai a yanke wani kaso na jinginarsa a kore shi, kuma idan taron dangi aka yi, yankan na iya cinye jinginar duka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Fataken shanu da goro sun daɗe da sanin wannan hikima. Masanin nan Abner Cohen, a binciken da ya wallafa a 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda ake sayar da garken shanu bashi ga mahautan da mai shanun bai taɓa gani ba, saboda maigidan da ya sauke shi ya tsaya masa. Idan mahauci ya gudu, maigida ne zai biya, in ba haka ba sunansa ya ɓaci daga Ibadan har arewa. Babu wanda ya ce maigida ya ƙona buhun gero kowace safiya don a yarda da shi. Ya isa a san yana da abin da zai rasa.

A nan ne bambancin tsarin biyu ya zama na ɗabi'a. Dukansu sun yarda cewa amanar baƙo sai da farashi. Inda suka rabu shi ne wanda ke biya, da lokacin biyan. A tsarin haƙa ana biya kullum, ko an yi ha'inci ko ba a yi ba, kuma wani kaso na kuɗin ba ya fitowa daga aljihun mai haƙa, yana tashi sama ne ya shiga iskar kowa. A makonnin da ake murnar sauyin Ethereum, ambaliya na cin garuruwa a Jigawa da Kogi da Bayelsa, ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, kuma masana yanayi sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara yiwuwar irin wannan ruwan sama ƙwarai. Babu mai hankalin da zai ce haƙar kirifto ce ta kawo ambaliyar Haɗejiya. Kasonta a hayaƙin duniya ƙarami ne. Amma siffar abin ita ce dai wadda Bahaushe ya riga ya raɗa wa suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A tsarin jingina, wanda ya yi alkawarin shi ke ɗauke da asarar, kuma ba ta faɗa masa sai ya karya shi. Ƙa'idar fiƙihu da ta hana cutarwa ta fi samun sukuni da wannan.

Masu goyon bayan Bitcoin na da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa lantarki abu ne na zahiri da ba a ƙirƙira da alƙalami, alhali jinginar Ethereum kuɗin Ethereum ɗin ne da kansa, kamar mutum ya tsaya wa kansa shaida. Suna nuni da wani gurbi da Vitalik Buterin, wanda ya assasa Ethereum, ya amsa akwai shi tun 2014: wanda ya shigo tsarin jingina sabo, ko ya daɗe ba ya nan, sai ya karɓi wani shafi na kwanan nan daga wanda ya amince da shi kafin ya gane sarƙar gaskiya. Wato an koma ga isnadi, ga tambayar wa ya faɗa maka. Ga ɗalibin hadisi wannan ba aibi ba ne, amma ga wanda ya gina aƙidarsa a kan kada a dogara da kowa, babbar tawaya ce. Suna kuma kawo misalan haƙar da ba ta hayaƙi: gandun dajin Virunga a Kwango ya fara haƙa a 2020 da rarar wutar madatsunsa, yana samun kuɗin gudanar da gandun, Butan ma ta yi haka da ruwan duwatsun Himalaya.

Misalan gaskiya ne, kuma suna rage laifin cutarwa a inda suka tabbata. Sai dai ruwayar Sa'ad ta riga ta tare wannan ƙofa, domin a bakin kogi aka yi maganar. Yalwar ruwa ba ta mai da zubarwa buƙata. Abin da ya rage wa mai kare haƙa shi ne ya tabbatar cewa alwalarsa daban ce, wato irin tsaron da Bitcoin ke bayarwa ba ya samuwa da ƙasa da haka. Wannan da'awa ce da za a iya yi, amma tun 2022 nauyin kawo hujja ya koma wuyansa.

Kada kuma a ɗauka kalmar jingina ta wanke sabon tsarin a idon shari'a. Jingina sananniya ce: aya ta 283 a Suratul Baƙara ta ambace ta dab da ayar rubuta bashi, kuma Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya rasu sulkensa na jingine wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Amma jinginar fiƙihu ba a cinye ta. Muwaɗɗa ta Imamu Malik na da babi a kan haka: idan mai bashi ya kasa biya, ba a mallake kayan, ana sayarwa ne a cire haƙƙi a mayar masa da saura. Abin da Ethereum ke yi ya fi kama da tara, kuma hukunta mutum da dukiyarsa mas'ala ce da malamai suka daɗe suna saɓani a kai. Haka ladan da ake ba mai tantancewa, 'yan kaso kaɗan cikin ɗari a shekara. Masu halattawa na ganin ladan aiki ne, kamar ijara ko ji'ala, tunda ba rance ya bayar ba, kuma yana iya asara. Masu ɗari-ɗari na tambaya: wanda ya miƙa kuɗinsa ga kamfani ya koma ya kwanta, yana jiran ƙari, wane aiki ya yi?

Tambayar ta kai ga matsala mafi girma. A tsarin jingina nauyin muryarka daidai yake da nauyin jakarka, kuma lada na bin jingina, mai yawa ya ƙara yawa. Mutane ƙalilan ne ke da Ether 32, saura sai su tara nasu a hannun dillalai. A lokacin sauyin, tsarin Lido shi kaɗai na riƙe da kusan kashi 30 cikin ɗari na duk abin da aka jingina. Idan aka haɗa da kamfanonin Coinbase da Kraken da Binance, an haye rabi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a tsarin da mai kashi ɗaya cikin uku ke iya hana a rufe shafi. Suratul Hashri, aya ta 7, ta bayyana dalilin rabon dukiyar fai'i da cewa don kada dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Tsarin da ke raba iko da sabon kuɗi bisa yawan tsohon kuɗi ba zai wuce ta gaban wannan aya ba tare da an tsayar da shi ba. Ba kuma Bitcoin ne zai yi masa dariya ba, domin can ma rukunonin haƙa biyu, Foundry USA da AntPool, sun sha riƙe kusan rabin ƙarfin haƙar duniya, kuma na'urar haƙa ba kayan talaka ba ce.

Sannan akwai tabziri, wanda ba ruwansa da mitar wuta. Terra bulokcen ne na jingina, mai ƙarancin hayaƙi kamar sauran. A Mayun 2022 kuɗinsa ya ruguje cikin kwanaki, dukiyar da ta kai kimanin dala biliyan 40 ta bi ruwa, wanda ya assasa shi, Do Kwon, aka kama shi a Montenegro a Maris ɗin 2023. A 2024 samari da 'yan mata a Kano da Kaduna da sauran birane suka duƙufa kan wayoyinsu suna ta dannawa a wasan Hamster Kombat, suna kiran abin mainin, alhali babu haƙar da ake yi: bulokcen ɗin TON da aka ɗora kuɗin a kai na jingina ne. Da rabo ya fito a Satumba, yawancinsu abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Wutar da tsarin ya sha kaɗan ce. Watanni da data da barcin da aka zuba ba su shiga lissafin kowace cibiya ba.

Su kuwa na'urorin da aka sallama a waccan safiya ba duka suka huta ba. Wasu sun koma haƙar Ethereum Classic da wasu ƙananan kuɗaɗe, har ribar ta karye saboda cunkoso. Wasu an zubar da su a kasuwar kayan hannu da araha. Masu dogon hange kuwa sun riga sun hango wata kasuwa. Kamfanin CoreWeave ya fara ne a 2017 a New Jersey da sunan Atlantic Crypto, yana haƙar Ethereum, ya soma karkata ga hayar na'urorinsa tun kafin sauyin, ya kuma shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Maris ɗin 2025 a matsayin ɗaya daga cikin manyan masu samar da ƙarfin kwamfuta ga ƙirƙirarriyar basira. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin ajiyar bayanai sun sha kimanin terawat-awa 415 a 2024, ninki 18 na abin da CCRI ta ce Ethereum ya daina sha, kuma tana sa ran adadin zai ninka zuwa 2030.